Zaɓen salon haruffa marar ado don tambarin kaya: abin da ya same mu

Sakatariyar ƙungiyar mata masu man gyaɗa, daga wajen Ringim:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana matse man gyaɗa, tana kuma yin ƙuli-ƙuli, kuma mun yanke shawarar fara liƙa sitika mai sunanmu a jikin galan da leda kafin mu kai kasuwar Gujungu. Yaron da ke yi mana aikin kwamfuta ya kawo mana samfuri uku, ɗaya mai ƙwalisa da lanƙwashe-lanƙwashe, biyu kuma siraran haruffa marasa ado, waɗanda ya ce su ake yayi yanzu. Kan matan ya rabu biyu, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai zanen allon shago, Wudil:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina riƙe buroshi, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, harafi marar ado ya fi daɗewa a ido, amma siriri ba ya jure rana. Na taɓa rubuta wa wani mai kantin magani allo da siraran haruffa, domin haka ya gani a wayarsa kuma ya nace, sai ga shi hunturu ɗaya kawai ƙura ta haɗu da koɗewar fenti, mutum yana kan babur ba ya iya karanta komai sai ya tsaya. Na sake masa da masu kauri, salon bai canza ba, kauri kawai aka ƙara. Ki sa a buga samfurin, ki jingine galan ɗin a inuwa, ki ja da baya taku goma, sannan ki kira wadda idonta ya fi rauni a cikinku ta karanta.

Mai shagon buga takardu, Haɗejiya:

Hajiya, abin da Baba mai zanen allo ya faɗa gaskiya ne, amma ni inda na sha wuya daban ne, kuma ina ganin ku ya fi shafa, tunda sunan kayanku duka biyu yana ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon haruffan da ake yayi an zana su ne don harsunan Turai, saboda haka da yawa daga cikinsu babu ɓ, ɗ da ƙ a ciki. Idan aka rubuta kalmar da ke da su, ko dai kwamfuta ta saka ɗan akwati babu komai, ko kuma ta aro harafin daga wani salo daban ba tare da ta yi gargaɗi ba, kuma wannan na biyun ya fi haɗari domin ba a cika lura da shi a fuskar kwamfuta ba.

Haka ta faru da ni a aikin wata mai zoɓo. Na tsara sitikar a manhajar zane ta CorelDRAW, na aika wa wata maɗaba'a a cikin Kano ba tare da na mayar da rubutun zane ba, wato ya koma kamar hoto yadda zai fito daidai a kowace kwamfuta, su kuma babu salon a kwamfutarsu. Da kayan suka iso, z da o biyun sun fito da kaurinsu, ɓ kuwa ta fito siririya a karkace a tsakiya kamar baƙuwa a gidan biki. Matar ta dube ni ta ce, “Ɗana, wannan harafin yunwa yake ji ne?” Da kuɗina na sake bugawa.

Tun daga ranar, kafin na nuna wa kowa wani salo, sai na fara rubuta “Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, zoɓo, Ɗan Ɓaure” da manya da ƙananan baƙaƙe na ga yadda suka zauna. Wanda bai taɓa ba ni kunya ba shi ne Noto Sans na kamfanin Google, wanda aka yi shi da nufin ya ɗauki rubutun harsunan duniya, yana da kauri hawa-hawa, kuma lasisinsa ya halatta a yi kasuwanci da shi kyauta. Kada ku yarda a cire ƙugiyar don a huta, domin baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa.

Mai injin casar shinkafa, Kura:

Nawa gajere ne. A buhu, saƙar ledar tana shan tawada ta watsa ta, don haka ramin cikin e da a ya toshe mana a bugun farko, sunan ya koma dunƙule ɗaya. Sai da muka buɗe tazara tsakanin haruffan muka rage kalmomi, sannan ya karantu. A gwada a kan ainihin abin da za a liƙa, a kuma shafa masa mai, tunda galan ɗin mai ba ya rabuwa da maiƙo.

Malamin koyar da zane a sakandare, daga wajen Gumel:

Ina so na ɗan saɓa wa yaron da ya ce wannan sabon yayi ne. Salon haruffa marar ado mai suna Futura, wanda Bajamushe Paul Renner ya zana, ya fito ne a 1927, Helvetica kuma ya fito daga Suwizalan a 1957, kuma ko da Google ya sauya tambarinsa zuwa haruffa marasa ado a 2015, tsohuwar hanya ya koma. Abin da ya sa manyan kamfanoni suka karkata can shi ne tambari ya karantu ko da ya ƙanƙance a fuskar waya, wanda ku ma zai amfane ku idan kuna tallar kaya a WhatsApp.

Sai dai akwai wani abu da na lura da shi a aji. A Futura da masu kama da shi, ƙaramin a da'ira ce da sanda a gefe, saboda haka daga nesa yana kama da o, mu kuwa harshenmu cike yake da a. Na rubuta “gyaɗa mai kyau” da irin wannan salo na liƙa a allo, ɗaliban layin baya suka yi ta kanne ido. Da na sauya zuwa a mai rumfa a kai, irin na littafi, babu wanda ya yi tuntuɓe. A ganina, Hajiya, siffar a ita ce abu na biyu da za ki duba bayan ƙugiya.

Alaramma mai sayar da zuma, Maigatari:

Kada a manta da masu karanta ajami, domin a kasuwarmu ta ranar Alhamis, musamman baƙin da ke shigowa daga Nijar, da yawa ajamin suke fara dubawa. Wani almajirina ya nuna mini salon kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana shi a kan rubutun Kano mai kauri, kuma da muka sa shi a ƙasan bokon sai suka dace, tunda duka biyun masu jiki ne.

Sakatariyar ƙungiya:

Allah ya saka muku da alheri. Mun gwada ukun jiya da yamma, kuma biyu sun faɗi tun a kalmar ƙuli-ƙuli, har da wanda na fi so. Yaron ya sake tsarawa da Noto Sans mai kauri, Inna ta karanta shi daga bakin zaure ba tare da tabarau ba. Malam na Haɗejiya, saura ka koya masa yadda ake mayar da rubutun zane kafin ya tafi maɗaba'a ranar Asabar.