Mai ciwon daji ya zo da tari da haki: korona ce ko ciwonsa ne?

Malamar jinya, Tawa:
Salamu alaikum. Masu ciwon dajin da ya yi nisa, waɗanda sai lallaɓawa da maganin rage raɗaɗi, suna zuwa sashen gaggawa da tari da haki, wani lokaci da zazzaɓi. Tambayoyin tantance korona na bakin ƙofa kusan duka "e" suke amsawa. Yaya za mu yi kada mu tura su duka ɗakin keɓewa?

Likitan gaggawa, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki tambayi abin da ya canza a kwanakin nan. Hakin wata biyu daban, wanda ya taso shekaranjiya daban. Ki tambayi mai jinya ko wani a gida ya yi mura ko zazzaɓi cikin kwana 14, da ko ƙanshi da ɗanɗano sun ɗauke wa maras lafiyan. Jiki ba zafi kada ya ruɗe ki, da yawansu suna shan farasitamol ko deksametazon, duka biyun suna danne zazzaɓi.

A sa masa takunkumi, a ba shi tazarar mita 1 a wuri mai iska, a auna oksijin a yatsa. In ya nuna ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, a sa masa oksijin nan take. Yatsa mai sanyi ko mai baƙin lalle yana ba da lamba ta ƙarya, a ɗumama hannun ko a canza yatsa. Gwajin gaggawa na hanci yana fitowa cikin minti 15 zuwa 30. In ya ce babu amma alamu sun yi ƙarfi, a ɗauki samfurin PCR, wato gwajin da ake yi a ɗakin bincike, irin na cibiyar binciken lafiya ta CERMES a nan Yamai.

Likitar ciwon daji, Yamai:
Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ce "korona ce" a daina bincike. Wanda aka yi wa ƙarin ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, cikin sati 6 da suka wuce, ya zo da zafin jiki digiri 38, a ɗauka ƙwayoyin garkuwar jininsa sun faɗi. Sun fi faɗuwa tsakanin kwana 7 da 14 bayan kemon. A fara masa antibiyotik ta jijiya cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon kowane gwaji, don irin wannan kan tafi cikin dare guda. Kada a sa masa magani ta dubura. A yi gwajin maleriya, a duba ƙarancin jini, a saurari ƙirji ko ruwa ya taru, a tuna da tarin fuka da gudan jini a huhu.

Mai ƙari a hanci ko mai yawan haɓo, kada a zurfafa masa tsinken gwaji. A shafo daga gaban hanci ko maƙogwaro.

Malam mai jinyar gida, Tawa:
Allah ya saka, Dakta. Don Allah kada a yanke wa maras lafiya morfin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, saboda ana jiran sakamako. Wanda ya saba sha duk awa 4, in aka tsallake, ciwo ya dawo, hakin ya ƙaru, sai a zaci korona ce ta tsananta. A bar masa mai jinyarsa mutum ɗaya da takunkumi, shi ya san ma'aunin maganin. Kuma tun da wuri a tambayi maras lafiyan da iyalinsa ko suna son kwanciya asibiti ko komawa gida da magani.