Musayar waƙa: ruwa a kan kwano

Mman Zainabu, Nima:
Salamu alaikum jama'a. Jiya an kwana ana ruwa a Ankara, babban birnin Gana, ban runtsa ba, shi ne na rubuta wannan. Mai amsa ya ba ni.

Hadari in ya haɗo ta gabas,
Gabana ne ke fara faɗuwa.
Kowa na tara bokiti a bakin kwano,
Ni ina toshe kunne kar in ji ruwa.
Na aiki Zainabu sayen magi da magariba,
Gota ta cika, har yau ina jiran dawowa.
Takalminta ɗaya muka tsinta da safe,
Yana ƙasan gadona, ba ya tsufa ba ya yagewa.

Daren Laraba ne, 3 ga Yuni 2015, daren da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Sakal, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutum sama da 150 suka tafi. Tawa ruwa ne ya ɗauke ta, shekararta 7.

Malam Ɗan Fadama:
Hajiya haƙuri maganin zaman duniya,
Mai abu ya karɓi abinsa, wannan gaskiya,
Ruwa rahama ne, ba a yi masa ƙiyayya,
Ki jefar da takalmin nan ki bar ajiya.

Mman Zainabu, Nima:
Malam ka taɓa yi wa ɗanka wanka da hannu?
Ka cire masa laka a hanci da kunnu?
Ban taɓa cewa Allah ya zalunce ni ba,
Jikina ne ke rawa ba imanina ba, sannu.

Yaya Aboabo, Kumasi:
Kai! Mma kin gama da shi wallahi. Malam ga nawa, ka riƙe:

Ranar da Ibrahimu ya cika a Madina,
Idon Annabi ya zubar da hawaye, duba ruwaya mana.
Yaƙubu ya yi kuka har idanu suka yi fari,
Rigar Yusufu ce ta maido masa da gani,
To ina laifin takalmi? Malam faɗa mana.

Sarkin Ƙafiya, Sabon Zongo:
Allah ya jiƙan yarinya, ya sa mai ceto ce. Amma jama'a waƙa muke yi a nan. Mma babu kalma "kunnu", kunne ne, kin lanƙwasa ta ne don ta hau kan hannu. Kai kuma Aboabo baitinka ƙwar biyar ne ko me? Ka fara da na, ka sauka kan ri, ka koma ni, amsa-amo uku a baiti guda. Alhaji Umaru Karaci da ya rasu a 1934 shi ma ya rasa ɗa ya yi masa marsiyya, baƙin ciki bai sa ya karya kari ba.

Yaya Aboabo, Kumasi:
Uwa na kuka kai kana auna ɗango,
Da ma'aunin tela kamar mai yanka wando,
Ƙafiya ba ta taɓa raka kowa maƙabartar Tafo ba,
Sarki ajiye rawani ka shigo zango.

Sarkin Ƙafiya, Sabon Zongo:
Ɗango da wando ba su yi amo ɗaya ba, go daban do daban. Kullum haka 'yan Kumasi kuke, ƙarfi ba tsari, irin ƙwallon Kotoko.

'Yar Asawase:
Allah ya bar mana Yaya Aboabo, baitinsa ɗaya ya fi littafinka guda Sarki. Kuma ka bar Kotoko ta sha iska, Hearts ɗinku me ta ci?

Sarkin Ƙafiya, Sabon Zongo:
Ta ci kofin Afirka a 2000, tambayi manya.

Baba na Mamobi:
Yara don Allah ku cire ƙwallo daga nan. Ban saba rubutu ba jikana ne ke danna min.

Ran 9 ga Mayu na ba yarona kuɗin tikiti,
Ya sa rigar Hearts ya fita da murna,
Aka harba barkono, ƙofa a rufe,
A jerin gawa na gane shi da zoben hannuna.
Har yau a masallaci sahun baya nake bi,
Kusa da ƙofa, in an matsu in fita abina.

2001 ne, a filin ƙwallon Ankara, mutum sama da 120 suka tafi. Mma 'yata na ji ki sarai. Ni in ana soya barkono a gida fita nake yi, ƙirjina sai ya kama kamar an ɗora buhun siminti, kuma ban taɓa gaya wa kowa dalili ba sai yau.

'Yar Asawase:
Innalillahi. Baba ka yafe mana, ba mu sani ba.

Nas Rabi, Madina:
Na makara ina aikin dare. Mma da Baba abin nan da kuke faɗa yana da suna wurin likitoci, PTSD suke ce masa, wato firgicin da ke zama a jiki bayan mutum ya ga tashin hankali, kuma ba hauka ba ne ba aljanu ba ne ba raunin imani ba. Alamominsa su ne kuka lissafa da bakinku, abin ya riƙa dawowa a ido ko a mafarki kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da ke tuna masa, barci ya ƙi, ƙara kaɗan ya zabura, ga ɗora wa kai laifi irin "da ban aike ta ba". In ya wuce wata guda yana hana mutum sakat to a nemi taimako, ko shekara 20 ya yi ana iya samun sauƙi. Babban maganin zama ne da wanda ya karanci abin, ana bin labarin a hankali har jiki ya gane cewa daren nan ya wuce, wasu a haɗa musu da ƙwaya. Tun 2012 Gana ke da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang akwai na Asylum Down, kuma asibitocin gunduma da yawa na da nas na wannan ɓangaren. Ni waƙa ba layina ba ce amma ga shi:

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne,
Mai karaya ma ɗori ake yi masa yana salati ne.

Sarkin Ƙafiya, Sabon Zongo:
Ɗango na biyu ya yi tsawo Rabi. Amma na bar miki.

Malam Ɗan Fadama:
Hajiya harshena ya riga tunanina,
Ban taɓa binne ɗa ba, shi ne iyakar sanina,
Bar takalmin a inda yake, ki yafe min,
Zainabu na cikin addu'ar asubana.

Yaya Aboabo, Kumasi:
Yanzu ka yi magana Malam. Mma kina ina? Kwana 4 shiru.

Mman Zainabu, Nima:
Ina nan, waya ce na kashe. Malam na yafe. Baba wannan naka ne:

Baba ka tsaya a sahunka na baya,
Ni ma ina da nawa a bayan ƙofa,
Kai barkono ni ruwa, ciwon dai guda,
Jiya na karanta naka sau uku ina share fuska da gefen atamfa.

Sarki ka auna shi in ka ga dama. Rabi ƙanwata, daga Nima trotro ta Madina zan hau in sauka ki raka ni? Litinin nake so, amma in na ga hadari ya haɗo ba zan fito ba, sai ki yi min uzuri mu sa wata rana.