Abin da membobi suka tsayar kan taro, horo da ƙuduji

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu:

1. Kowa ya amince a yi taron Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, 5 ga Disamba, a gonakin masakwa kusa da Marwa, a arewacin Kamaru. Ɗalibai su damƙi baƙar laka da hannunsu, su ga yadda take tsagewa in ta bushe.

2. Masu neman horo, ku tuntuɓi IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, a Garwa ko Marwa da takardar jami'arku.

3. A kan ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, aka rabu. Wasu sun ce a tumɓuke shi kafin ya yi fure. Wasu sun dage sai takin gargajiya da sauya dawa da wake, don ƙuduji gajiyayyiyar ƙasa yake so. Ni ina bayan na biyun, amma tumɓukewar ba ta jira.