Canadiens ta Monreyal: ginin ya kammala ne, ko mun yi saurin murna? (hirar bayan kakar 2024-25)

Tela Ɗan Yelwa (Garwa):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san mu masu bin wasan hokin ƙanƙara a wannan yanki ba mu da yawa, amma ko mu biyar ne ina son jin ra'ayinku.

Ni tela ne a unguwar Yelwa. Ƙanena da ke karatu a Monreyal shi ya jawo ni cikin wannan wasa a 2021, shekarar da Canadiens ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin gasar NHL ta Amurka da Kanada, Tampa Bay ta doke ta wasa 4 da 1. Kullum sai ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, har na fara gane dokoki, na san wane ne wane. Da kakar gaba ta zo sai ƙungiyar ta faɗi warwas, ta zo ta ƙarshe cikin 32 da maki 55, daga baya ta samu zaɓin farko a zaɓen matasa. Aka sallami babban manaja Marc Bergevin, aka kawo Jeff Gorton da sabon babban manaja Kent Hughes, su kuma suka ba Martin St. Louis aikin koci a watan Fabrairun 2022, mutumin da kafin nan yara ƙanana kawai yake horarwa. Suka rabu da Toffoli da Chiarot da Lehkonen, suka karɓi matasa da damar zaɓen matasa a madadinsu. Suka ce mu yi haƙuri, gini za a sake daga tushe.

Mun yi haƙurin. Maki 55, sai 68, sai 76, bana kuma 91: nasara 40, rashin nasara 31, sai 11 da aka rasa bayan ƙarin lokaci.

Kakar nan ba zan manta da ita ba, saboda ƙarshenta ya faɗo daidai da ɗinkin sallah. A watan Maris muna kwana a shago ni da yarana biyu, wasa yana farawa sha biyu ko ɗaya na dare a agogonmu, sai in jingina waya da kan keke ina taka ina kallo, kafin sahur an tashi. Zafin Garwa ya hana kowa barci, gumi na zuba, a cikin waya kuwa mutane na gudu a kan ƙanƙara. Yaron shagona da farko ko faifan robar ba ya iya gani saboda sauri, yanzu shi yake fara ihu in Caufield ya ɗaga sanda. Daren 1 ga Afrilu, da Suzuki ya farke wa Florida saura daƙiƙa ƙasa da 10, ya kuma sake ci a ƙarin lokaci, sai da maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ku tuna kuma yadda aka fara: Seattle ta zuba musu 8 da 2 a gida, Pittsburgh 9 da 2 a watan Disamba. Na ɗauka wata shekarar banza ce. A watan Disamban nan ne Laine ya warke ya dawo, aka ɗauko Alexandre Carrier daga Nashville, abubuwa suka daidaita. A wasan ƙarshe suka doke Carolina 4 da 2 suka samu gurbin zagayen fidda gwani, inda Washington ta cire su wasa 4 da 1.

Tambayata ita ce wannan. A watan Yunin 2025 Hughes ya ba New York Islanders zaɓi na 16 da na 17 a zaɓen matasa haɗe da Emil Heineman ya karɓo ɗan baya Noah Dobson, aka sa masa hannu shekara 8, dala miliyan 9.5 duk shekara. Shekara uku muna tara iri, yanzu mun fara kai shi kasuwa. Ni zuciyata ta rabu biyu. Lokaci ya yi ne da gaske, ko kaka ɗaya mai daɗi ce ta ruɗe mu?

Abban Zara (Njamena):

Wa alaikumus salam Malam Tela. Ni aikina lissafi ne, saboda haka ka yi haƙuri in rage maka zaƙin shayin.

Ƙungiyar nan ta ci 245, an ci ta 265. Wato an zura mata 20 fiye da yadda ta zura. Columbus ta ƙare da maki 89, tazarar wasa ɗaya tak. Da Suzuki bai farke wancan wasa na Florida da kake yabo ba, da yanzu wata hirar muke yi. Ban ce ba su ci gaba ba, sun ci. Amma ƙungiyar da ta shiga da ƙyar a daren ƙarshe ba a ce ta iso.

Babban ramin yana tsakiya. Suzuki ya yi maki 89, ba ya fashin wasa, kowa ya yarda da shi. Bayansa fa? Kirby Dach aka ɗauko don ya riƙe layi na biyu, gwiwarsa ta dama ta tafi a Oktoban 2023, ta sake tafiya a Fabrairun bana. Allah ya ba shi lafiya, amma ba za ka ɗora rufin ɗaki a kan azarar da ta karye sau biyu ba. Dvorak ya koma Philadelphia. Michael Hage yana jami'a a Michigan, da sauransa. Jake Evans ɗan aiki ne na layi na uku ko na huɗu. To wa zai riƙa ba Demidov, matashin ɗan gaban nan ɗan Rasha, faifai? Da ni ne Hughes, da zaɓin nan biyu ɗan tsakiya na nema da su.

Laine kuma a cikin ci 20 da ya yi, 15 lokacin da abokan karawa ke da mutum a bencin hukunci ne. In ana biyar da biyar da wuya ka ji sunansa.

Kada ka manta rukunin da suke ciki: Florida da ta ɗauki kofi sau biyu a jere, Tampa Bay, Toronto, ga Ottawa ita ma ta taso. Buffalo tun daga 2011 har zuwa 2025 ba ta sake leƙa zagayen fidda gwani ba, kuma ta sha zaɓar matasa na sahun gaba, sau nawa ana cewa bana ce shekararta. Tarin matasa kaɗai bai isa ba.

Kawu Sale (Marwa):

'Ya'yana, ni ban san wannan wasa ba, ɗana ne ya nuna mini hirarku na ce ya rubuta mini. Ni ɗan Coton Sport ne tun ina da ƙarfin zuwa Garwa kallo, na ga shekarar 2008 da suka kai wasan ƙarshe na Afirka da Al Ahly. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kun ce ƙungiya ta zo ta ƙarshe, kuma ba a kore ta zuwa rukuni na ƙasa ba, har ma an ba ta yaron da ya fi kowa. Yaya haka? A wurinmu in ka zo na ƙarshe ka faɗi ke nan, in kuma ka raini yaro ya yi kyau kamar Aboubakar, Faransa ta ɗauke shi. Ku fahimtar da ni.

Bahaushen Laval (ɗan Ngaundare, mazaunin Kanada):

Ranka ya daɗe Kawu, Allah ya ƙara lafiya. A gasar NHL ba a faɗuwa, ƙungiyoyin nan 32 su ne dai kullum. Duk shekara ana jera matasa masu shekara 18 daga ko'ina a duniya, ƙungiyoyi su zaɓa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi rauni su ne a gaba. Don kada wasu su riƙa faɗuwa da gangan, ana jefa ƙuri'a a kan zaɓin farko. A 2022 ƙuri'ar ta faɗa wa Monreyal ta ɗauki Slafkovsky ɗan Sulobakiya. Bana San Jose ce ta ƙarshe amma Islanders ta ci ƙuri'ar. Akwai kuma iyakar albashi da ba mai ƙetare ta komai kuɗinsa: dala miliyan 88 a kakar 2024-25, 95.5 a ta 2025-26. Kuma babu wata gasa a sama da wannan da za ta ƙwace maka yaro kamar yadda Turai ke yi mana a ƙwallon ƙafa. Shi ya sa mutum zai iya rushe gida ya sake gini da gangan.

Yanzu in koma kan Abban Zara. Yaya, lissafinka daidai ne amma ka haɗa ƙungiya biyu a buhu ɗaya. Ta watan Oktoba da Nuwamba daban, ta bayan Disamba daban. Ka cire wasan Seattle da na Pittsburgh kaɗai, 13 daga cikin 20 ɗin nan sun tafi. Florida da kake tsoro, sau huɗu suka haɗu bana, sau huɗu Monreyal ta yi nasara, na farkon ma Dobes ne a raga a wasansa na farko a gasar, bai bari an ci shi ko ɗaya ba.

Ni ina tuƙa motar kai kaya a nan, rediyo a kunne tun safe, kuma garin nan ba shi da wata hira sai wannan. Kofi 24 gare su, ba wanda ya kai su, amma na ƙarshe tun 1993. Yaran da aka haifa bayan nan sun yi aure sun haihu ba su taɓa gani ba. Daren wasa na uku da Washington, wanda suka ci 6 da 3, ban samu tikiti ba, a waje na tsaya gaban Centre Bell cikin jama'a, ƙasa har rawa take yi. Daren ne Anderson da Tom Wilson suka kaure har cikin benci.

A kan Dobson ina bayan Hughes. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan baya mai riƙe sanda ta dama, mai shekara 25, wanda ya taɓa yin maki 70 a kaka ɗaya, irinsa ba ya zuwa kasuwa kullum. Savard ya yi ritaya, Reinbacher da aka zaɓa na 5 a 2023 ya rasa yawancin kakar 2024-25 saboda gwiwa, ɓangaren dama fanko ne. Yaron da za ka zaɓa na 16 kuwa, in ma zai yi kyau, sai bayan shekara uku ko huɗu. Kwantiragin Suzuki zai ƙare a 2030, na Caufield a 2031, kowannensu ƙasa da miliyan 8. Shekarun da suke da arha kuma suke kan ganiyarsu su ne waɗannan. In ka tsaya jiran yaro mai shekara 18 ya girma, su kuma sun fara gangarowa.

Hutson fa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutum 61 aka zaɓa kafin shi a 2022 saboda an ce ya yi ƙanƙanta. Bana ya yi maki 66, ya ba da faifai aka ci sau 60, ya kamo tarihin Larry Murphy na sabon ɗan baya, ya ɗauki kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa. In ya karkata kafaɗa hagu sai ka ga ƙato ya bi iska. Ina ganin ba banza ba ne ya faɗo hannun St. Louis, wanda shi ma ba wanda ya zaɓe shi saboda gajarta, ya zo ya ɗauki kofi da Tampa Bay a 2004.

Inda na yarda da kai shi ne jiki. Washington ta fi su nauyi, kowa ya ga yadda Wilson ya banke Carrier a wasa na huɗu, daga nan wasan ya juya. Zachary Bolduc da aka karɓo daga ƙungiyar St. Louis Blues a madadin Mailloux zai ɗan taimaka, amma bai isa ba.

Abban Zara (Njamena):

Ƙanena, in za ka cire wasannin da aka lallasa su, sai ka cire waɗanda su ma suka lallasa wasu, haka ake lissafi. Kuma Dobson ɗin maki 39 ya yi bana, 70 ɗin na kakar 2023-24 ne. Wanne daga ciki aka saya da miliyan 9.5? Ga Hutson shi ma za a sa masa hannu nan gaba, ba zai karɓi kaɗan ba.

Abu ɗaya ban faɗa ba ɗazu: Montembeault ya tsare raga wasa 62. Ya yi yawa. Ya ji rauni a wasa na uku da Washington, kuma ban yi mamaki ba. Dole Dobes ya karɓi wasa 25 ko 30 in ana so mutumin nan ya kai Afrilu da ƙafafunsa. Matashin mai tsaron raga Fowler a bar shi ya nuna a ƙaramar ƙungiyarsu ta Laval, kada a tsinke shi ɗanye.

Tela Ɗan Yelwa (Garwa):

Na gode muku duka. Kawu, Allah ya ja kwana, in ka shigo Garwa ka biyo ta Yelwa in nuna maka a waya, minti goma ya isa ka kamu.

Na kwana ina juya maganarku. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na Bahaushen Laval a kan shekarun Suzuki. A sana'armu in yadi ya zo hannunka ka auna sau biyu, amma akwai ranar da dole ka sa almakashi, in ba haka ba sallah ta wuce kayan na rataye. Na fi karkata ga cewa Hughes ya yanka a kan lokaci. Kuma ban manta ba, kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa a watan Maris Suzuki ne ya je da kansa ya roƙi kada a sayar da kowa, Hughes ya ce su nuna masa a kan ƙanƙara, suka nuna. Irin su Gallagher da ya ci 21 da jikinsa duk tabo, da tsohuwar zuma ake magani, ba na so a yar da su don kawai an ce matasa ake so.

Amma Yaya Abban Zara, tsoronka na tsakiya ya shige ni. Ba zan ce ginin ya kammala ba sai na ga wanda zai tsaya kusa da Demidov. Yaron nan wasa biyu kacal ya buga kafin zagayen fidda gwani, a na farkon da Chicago ya ba da ɗaya aka ci, ya ci ɗaya, duk kafin a tafi hutun farko. Na maimaita bidiyon har kuɗin intanet ɗina ya ƙare. Zai zama asara a bar shi yana yawo a gefe ba mai miƙo masa.

In suka sake yin maki 90 da wani abu a kaka mai zuwa, ko da ba su wuce zagaye na farko ba, amma ci ya fi wanda aka ci su yawa, ni na gamsu. Bahaushen Laval, in an fara atisaye a watan Satumba ka riƙa sanar da mu yadda gwiwar Dach take, rediyonku ya fi mu saurin ji. Ƙanena zai zo hutu a Disamba, na riga na ce masa rigar Hutson mai lamba 48 nake so, da ƙarama guda ɗaya ta yaron shagona.