Shawarwarin masu taka Higashiyama a Kiyoto

Waɗanda suka zaga unguwar Higashiyama, a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, da ƙafa bakinsu ya zo ɗaya: a yi sammako. Haikalin Kiyomizu-dera yana buɗewa ƙarfe 6 na safe, kafin jama'a su cika. Daga nan a gangaro ta titunan Sannenzaka da Ninenzaka, tsakanin tsofaffin gidajen katako, har wurin bautar Yasaka. Matakalan dutsen suna santsi in an yi ruwa, a taka a hankali.

Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, don wasu ɗakunan ibadar sai an tuɓe shi ake shiga. Shawarar da ta fi kama ni ita ce ta ladabi: mutane ibadarsu suke yi, a rage murya, kada a saita musu kyamara. A riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba.