Neman shawara: Ɗana ba ya karatu sai da waya a hannu da talabijin a kunne

Uwa mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗa mai shekara 13 wanda ba ya zama yin aikin makaranta sai waya na gefensa, yana amsa saƙonnin abokai, bidiyo na tafiya, talabijin kuma a kunne. Idan na yi magana sai ya ce ya saba, kuma hakan ba ya rage masa komai. Makinsa bai faɗi sosai ba, amma ɗan ƙaramin aiki kan cinye masa yammaci gaba ɗaya, kuma abin da ya karanta yau ba ya iya bayaninsa gobe. Ƙanwarsa mai shekara 2 ma a ɗakin take wasa. Shin da gaske yaro yana iya sabawa da haka, ko kuwa cutuwa yake yi bai sani ba?

Wani malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ɗanki yake kira sabo ba haɗa ayyuka ba ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya bai wa ayyuka biyu masu bukatar tunani hankali a lokaci guda. Abin da take yi shi ne kai-kawo a tsakaninsu, kuma duk lokacin da ya dawo daga saƙo zuwa littafi, sai ya sake neman inda ya tsaya da abin da yake tunani a kai. Wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2010 ya nuna cewa ɗaliban da suke amsa saƙonni suna karatu sun fi daɗewa kafin su gama, ko da an cire lokacin da suka yi wajen rubuta saƙonnin, duk da cewa makinsu a gwajin bai bambanta da na sauran ba. Wannan ya yi daidai da abin da kika gani.

Abin da ya fi damuna shi ne ingancin abin da ake koya. A 2006 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun gano cewa waɗanda suka koyi abu hankalinsu a rabe sun iya maimaita shi, amma sun sha wahalar amfani da shi idan aka sauya tambaya. A aji ina ganin haka ƙarara: yaro ya yi aikin gida daidai, amma da an juya masa tambayar sai ya yi shiru.

Wata ma'aikaciyar lafiyar yara:
Ni ƙaramar ce ta fi tsaya mini a rai. Binciken Jami'ar Masachusets na 2008 a kan yara masu shekara 1 zuwa 3 ya nuna cewa idan talabijin na kunne a ɗaki, ko da shirin manya ne da yaron bai damu da shi ba, wasansa kan gajarta, nutsuwarsa a kan abin wasa ta ragu. Manya ma kan rage yi wa yaro magana a lokacin, alhali da wannan hirar yake koyon harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada lokacin da yara masu shekara 2 zuwa 4 suke kallon talabijin ko waya ya wuce awa ɗaya a rana. A kashe talabijin idan babu mai kallo, wannan ba ya bukatar jayayya da kowa.

Wani uba:
Ina goyon bayan Malam, sai dai kada hankalinki ya tashi har ki ɗauka ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Binciken Jami'ar Stanford na 2009 da ake yawan ambato, wanda ya nuna masu yawan haɗa kafofi kamar waya da talabijin a lokaci guda sun fi kasa kawar da abin da ba shi da amfani daga hankalinsu, a kan ɗaliban jami'a aka yi shi, kuma bai tabbatar da wane ne ya haifar da wani ba. Ƙwace wayar dungurungum rigima kawai zai jawo. Ku yi yarjejeniya ya ajiye ta a wani ɗakin na minti 30, ya yi aikin, sannan ya huta da ita. Idan ya ga da idonsa yana gamawa da wuri, zai fi yarda da hujjar fiye da faɗa. Ke ma ki ajiye taki a lokacin.

Uwa mai neman shawara:
Na gode ƙwarai. Na san zai ce a bar masa waƙa, shin ita ma a hana?

Malamin sakandare:
Waƙa mai kalmomi tana gogayya da kalmomin da yake karantawa, saboda haka a kashe ta lokacin karatu da hadda. Idan kiɗa ne marar baiti, a hankali, kuma ba sai ya riƙa taɓa wayar don sauya shi ba, kina iya barinsa.