Kuɗin makarantar jami'a: shawarwarin da iyaye da ɗalibai suka bayar

Tun daga 2023 da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, maganar ba ta bar bakin iyaye ba. A zaman da muka yi da iyaye da ɗalibai, an fi daɗewa kan bashin NELFUND (asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu) da aka fara nema a watan Mayun 2024. Wasu iyaye na ɗari-ɗari da shi don gudun riba, sai aka fayyace musu cewa ba ruwa a cikinsa. Jami'a ake tura wa kuɗin kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Biya sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. A ganina wannan sauƙi ne babba ga ɗan talaka, amma bashi ne, a shiga da niyyar biya.

An ja kunnen masu neman bashin sosai: sunan da ke NIN, BVN da JAMB ya zama iri ɗaya, don saɓanin harafi guda kan tsayar da komai.

Sauran a taƙaice: a nemi tallafin karatu na jiha, a tambayi jami'a ko tana karɓar biya kashi-kashi, kuma kada a damƙa wa wani kuɗin ya biya a madadinka, ka biya da kanka ka adana rasit.